Riƙo Ba Mallaka Ba Ne: Kalmar "Custody" Tsakanin Kotu da Fiƙihu

  Ya 'yan'uwa Musulmi maza da mata na Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Maganarmu a wannan zama a kan kalma guda ce, kalmar kuwa ba ma tamu ba ce, ta Turanci ce, wato custody. Lauya yana faɗinta a gaban alƙali, ɗan sanda yana rubuta ta a takardarsa, 'yan jarida suna fassara ta yadda ta zo masu a baki. Asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar da ke nufin mai gadi. Turawa suka ɗora mata kaya iri-iri. Idan an damƙa wa mutum dukiya ya adana, da ita suke faɗi. Idan hukuma ta kama mutum ta rufe shi, ita ce. Idan aure ya mutu ana jayayya a kan wanda zai zauna da yara, ita ce dai. Har ma laƙabin da Sarki Fahad na Saudiyya ya ɗauka a 1986, Khadimul Haramaini, da wata 'yar'uwar wannan kalma suka fassara shi, alhali a Larabci ma'anarsa mai hidima ce.

Bahaushe bai cakuɗa waɗannan abubuwa ba. Yana da ajiya, yana da tsarewa, yana da riƙo. Malaman fiƙihu sun ma fi shi rarrabewa, kowanne da babinsa da sharuɗɗansa: wadi'a ita ce ajiya, habsu shi ne tsarewa, hadana ita ce renon yaro da riƙonsa, wilaya kuwa ita ce waliccin uba a kan ɗansa. Amma akwai igiya guda da ta ɗaure su duka, ita ce kuma muke so mu bi. A kowanne daga cikinsu, abin da ke hannunka ba naka ba ne. Hausa ma ta nuna haka, domin wanda aka ba sarauta ko ofis ya kula kafin mai shi ya zo, mai riƙon ƙwarya ake ce masa, ba a ce masa mai ƙwarya ba.

Mu fara da ajiya, mu wuce ta da sauri, domin ita ce kowa ya fi sani. Jega garin kasuwa ne tun ƙarni na 19, Aliero kuwa albasarta ta kai har ƙasashen maƙwabta, saboda haka babu ranar da wani ba zai bar buhunansa ko kuɗinsa a hannun fatoma ko dillali ko maƙwabcin rumfa ba. Allah (SWT) Ya yi umurni da mayar da amanoni ga masu su a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Manzon Allah (SAW) kuma, a daren da ya fita hijira, ya bar Aliyu (RA) a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar suna cikin mutanen da suka kore shi. Hukuncin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, shi ne mai ajiya ba ya biya idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba. Idan ya ce ya ɓata, a gaskata shi. Idan ya ce ya mayar, a gaskata shi, sai fa idan a gaban shaidu ya karɓa, to sai ya kawo shaidar mayarwa. Wanda kuwa ya zuba kuɗin ajiya cikin kasuwancinsa ya aikata makaruhi, kuma daga ranar lamuni ya hau kansa: in kuɗin suka halaka, biya zai yi, ba zai ce ƙaddara ba. Wannan shi ne wurin da 'yan kasuwarmu suka fi tuntuɓe.

Ma'ana ta biyu ita ce tsare mutum. Shari'a ta san da ita. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum a kan tuhuma, sa'an nan ya sake shi. A zamanin Umar (RA) aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000 aka mayar da shi kurkuku. Alƙali Abu Yusuf, a littafinsa Kitabul Kharaji, ya shawarci Halifa Harunar Rashid da a ciyar da fursunoni a tufatar da su daga baitulmali, a kuma duba shari'arsu da gaggawa. Ashe ke nan tsararre ma amana ne a hannun mai tsare shi. In an azabtar da mace a wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, ina ga ɗan Adam? Mu a wannan yanki tarihi ma ya koya mana nauyin abin. Mutanen Malam Abdussalami ne rundunar Gobir ta kama a Gimbana, nan kusa da Jega, ta bi da su a ɗaure ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kwance su, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804.

Dokar ƙasa ita ma ta yi magana a sarari, kuma rashin saninta yana cutar da talakawa. Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda aka kama, a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa kwana 2, ko abin da kotu ta ga ya dace. An keɓe manyan laifuka masu hukuncin kisa daga wannan wa'adi. Garuruwanmu uku hedkwatocin ƙananan hukumomi ne, ba dokar daji ba ce da za a ce kotu ta yi nisa. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashen ya ba shi haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a kama wani a madadin wani, ta hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. To, wa ke kai ɗan'uwansa caji ofis a kan kuɗin albasa? Mu ne. Wa ke nuna gidan tsohon da ɗansa ya gudu, ya ce a riƙe uban har ɗan ya fito? Mu ne dai, alhali Alƙur'ani ya nanata a surori da dama cewa wata rai ba ta ɗaukar laifin wata. A 2019 an sauya wa gidajen yari suna suka koma gidajen gyaran hali, amma mafi yawan waɗanda ke cikinsu masu jiran shari'a ne, ba a yanke masu hukunci ba. A wannan shekarar ce kuma 'yan sanda suka fasa wasu gidajen mari, a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa, da yawansu kuwa iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Shi kuma ɗan bindigan da ya kwashe ɗalibai, kamar yadda aka yi a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, kada kowa ya ara masa wannan kalma. Abin da ya yi hiraba ce, fashi da makami, ba tsarewa ba.

Yanzu sai ma'ana ta uku, wadda dominta muka taru, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Saki ya yi yawa a cikinmu, wannan ba sai an kawo lissafi ba. Abin da ke biyo bayan sakin kuma kowa ya san shi. In yaro yana goye, sai a ce ta tafi da shi, ranar yaye a dawo da shi. In ya tasa, ko ƙofar gida ba za ta fita da shi ba. Sai a miƙa shi ga kishiyar uwarsa, ko a tura shi wurin goggo a wani gari, ko a haɗa shi da malami mai tafiya gabas yana ɗan shekara biyar. In an tambayi dalili sai a ce ai ɗa na uba ne, ko a ce ba za a bar shi ya zama agola a gidan wani ba. Da yawa cikin masu yin haka sun ɗauka addini suke bi. To, ba shi ba ne.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru (RA) cewa wata mace ta kawo ƙara wurin Manzon Allah (SAW), mijinta ya sake ta yana kuma son ya ƙwace ɗanta. Ta kafa hujja da cikin da ta ɗauka da nonon da ta shayar da cinyar da ta rene shi a kai. Annabi (SAW) ya hukunta cewa ita ta fi cancanta da yaron matuƙar ba ta yi wani aure ba. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa labarin Umar ɗan Haɗɗabi (RA), wanda ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya aza a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar (RA). Abubakar ya ce a bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ba. Ku lura da wanda aka yanke wa hukuncin, ku lura kuma da wadda ta yi nasara: ba ma uwar ba ce, kaka ce. Haka nan 'yar Hamza (RA), da Aliyu da Ja'afaru da Zaidu suka yi jayayya a kan riƙonta a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi (SAW) ya ba Ja'afaru saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya kuma bayyana cewa inna tana matsayin uwa.

A kan waɗannan ne malaman Malikiyya suka gina babin hadana, a Mudawwana da Risala da Mukhtasar na Shaihu Halilu da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim. Waɗannan kuwa su ne littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun kafin zamanin Malam Abdullahin Gwandu, su ne kuma alƙalanmu ke buɗewa. Hukuncinsu shi ne, bayan saki ko mutuwar miji, riƙon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, na 'ya mace kuwa har ta yi aure mijin ya tare da ita. Babu maganar yaye, babu maganar shekara bakwai. Shekara bakwai ɗin da ake ta ambato ta wasu mazhabobi ce: Hanafiyya sun tsayar da riƙon uwa ga namiji a wajen shekara 7, Shafi'iyya sun ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Muna girmama su, amma abin mamaki ne mutumin da ke alwala da sallah da rabon gado a kan Malikiyya, ranar da ya saki matarsa kaɗai ya tuna da akwai Abu Hanifa.

Idan uwa ta rasu ko haƙƙinta ya faɗi, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sa'an nan kakar uwa, sa'an nan inna, wato ya ko ƙanwar uwa, sa'an nan innar uwa, sa'an nan kaka ta wajen uba. Bayan waɗannan ne Halilu ya ambaci uba. Shi ma sai da sharaɗin yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa.

To, me ya rage wa uba? Abu mai yawa, kuma a nan ne fassarar kalmar Turanci ke rikita mutane. Idan mutum ya ji an ce kotu ta ba uwa custody, sai ya ɗauka an raba shi da ɗansa ne. A fiƙihu hadana daban, wilaya daban. Nasabar yaro ta uba ce, sunan uba yake amsawa, yana gadonsa. Uba ne waliyyin auren 'yarsa, shi ke kula da dukiyar ɗansa ƙarami. Yana da haƙƙin ganinsa da ladabtar da shi da sa shi makaranta, sai dai da dare yaron ya kwana wurin mai riƙonsa. Kuma ciyarwa da tufatarwa a kansa suke gwargwadon halinsa, a hannun mai riƙon ake damƙa su, ba shi da ikon cewa sai dai yaron ya riƙa zuwa gidansa cin tuwo. Wadda aka saka saki na rabuwa in tana shayarwa tana da ladan shayarwa, kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 6. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara kuwa ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. A ganinmu, yawancin masu ƙwace yara ba son yaran ne ya motsa su ba, gudun kuɗin ciyarwa ne, ko neman abin da za a ƙuntata wa uwar da shi.

Kada 'yan'uwa mata su ji wannan su ɗauka nasu riƙon mallaka ne. Shi ma amana ce mai sharuɗɗa: hankali, da iya ɗaukar nauyin reno, da riƙon amana, da muhalli mai tsaro musamman ga yarinyar da ta tasa, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaron. Uwar da ta bar 'yarta tana yawon talla a tasha har bayan isha'i ta ba uban hujja da hannunta, kamar yadda uwar da ke hana uba ganin ɗansa ta shiga hanin ayar da muka ambata. Idan ta yi aure mijin ya tare da ita, haƙƙinta ya faɗi, sai dai a wasu wurare da malamai suka toge: in sabon mijin muharramin yaron ne, kamar baffansa, ko jariri ya ƙi karɓar nonon wata, ko wanda riƙon zai koma hannunsa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba da uzuri ba. A mashahurin zance kuma, riƙon da ya faɗi saboda aure ba ya dawowa ko da auren ya mutu. Haka wadda ta yi fushi ta dire wa miji 'ya'yansa ta ce ya riƙe abinsa, in daga baya ta huce ta dawo nema, ba lalle ta samu ba, domin ta yar da haƙƙinta da kanta. Wadda ciwo ya sa ta bari kuwa, in ta warke a mayar mata. A wajen hul'i ma, mazaje kan sa sharaɗin sai ta bar masu yaran. Malaman mazhaba sun halatta wannan, amma da sharaɗin kada ya cutar da yaron, saboda haka alƙali yana da ta cewa.

Akwai mas'ala guda da ta shafe mu ƙwarai, ta tafiya. Malikiyya sun ce idan waliyyi zai ƙaura zuwa wuri mai nisan baridi 6, yana da haƙƙin tafiya da yaron, sai dai in uwar ta yarda ta bi. Baridi guda mil 12 ne, ke nan mil 72, abin da ya haura kilomita 100. Tsakanin Aliero da Jega, ko Jega da Maiyama, ko ma Aliero da Maiyama, tafiyar ba ta kai ko rabin wannan ba. Wanda ya tashi daga ɗayan garuruwan nan ya koma ɗaya bai yi ƙaurar da za ta kayar da haƙƙin uwa ba. Sa'an nan dole tafiyar ta zama ta ƙaura, ba ta fatauci ba, har ana rantsar da shi a kan haka. Mai kai albasa Legas ko Anacha ko Fatakwal ya yi wata biyu ya dawo, ɗan kasuwa ne, ba mai ƙaura ba. Sun kuma sharɗanta amincin garin da za a koma da amincin hanya, sharaɗin da a 'yan shekarun nan ba sai an yi wa mutumin Kebbi sharhinsa ba.

Riƙo irin na al'ada, inda ake ba kaka ɗan fari ko a ba goggon da ba ta haihu ba 'ya, babu laifi a cikinsa idan masu haƙƙi sun yarda. Annabi Zakariyya (AS) ya riƙi Maryam. Abin da Suratul Ahzabi ta hana shi ne a sauya wa yaro nasaba. Laifin yana zuwa ne idan an mayar da 'yar riƙo baiwa, 'ya'yan gida suna makaranta ita tana bakin rijiya.

Ina za a kai ƙara? Tun daga 2000, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, Jihar Kebbi ta faɗaɗa aiki da Shari'a, amma hukuncin aure da riƙon yara a tsakanin Musulmi dama a hannun alƙalai yake tun kafin zuwan Turawa, bai kuma taɓa barin hannunsu ba. Kotun Shari'a ce wurin fara ƙara. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba hurumi a kan aure da dangantakar iyali da waliccin ƙananan yara, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da Kotun Ƙoli. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, a tambayi magatakardan kotu tun ranar da aka yanke hukunci, a kuma karɓi hukuncin a rubuce, har da adadin kuɗin ciyarwa da ranar biyansa. Dokar shari'o'in aure ta 1970 da wasu lauyoyi ke ambato ta auren rajista ce, ba ta hau kan auren da aka ɗaura a kan sadaki da waliyyi da shaidu ba.

Abin da muke roƙon limamai da masu unguwanni da 'yan agaji su sa wa ido shi ne inda ma'anoni biyu na kalmar ke karo. Uwa ta tafi gidan iyayenta da ɗanta bayan saki, sai mijin ya garzaya caji ofis ya ce an sace masa yaro, a kamo ta, ko a kamo tsohonta a rufe, har sai an miƙa yaron. Wannan ba ƙarar laifi ba ce, jayayya ce ta hadana, kuma teburin ɗan sanda ba wurin yanke ta ba ne. Duk wanda irin wannan ta zo gabansa, ya nemi a ba da belin wanda aka tsare a ranar, a bar yaron inda yake kwana, a rubuta ƙara zuwa ga alƙali.